Waken gwangwani da waken gona: wanne ya ci kuɗinsa?

Duk wanda ya zauna cin abincin biki a Dutse cikin 'yan shekarun nan ya san wannan waken. Ƙananan ƙwayoyi ne farare da suka rine cikin jan romo mai zaƙi, a zuba su a kan yankakken kabeji da karas da dafaffen ƙwai, a lafta bama a sama, a ce ga salak. Da can sai a manyan kantunan Kano ake ganinsa. Yanzu ya sauko Dutse, kuma idan azumi ko sallah ta matso, har mai tireda a Jahun ko Miga yakan jera 'yan gwangwanaye kusa da na kifi da na madara, don ya san amare da masu aikin abincin taro za su tambaya.

Abin da ya sa batun ya isa a zauna a kansa shi ne inda muke. Miga ƙasar wake ce. Daga Zareku zuwa Hantsu, daga Sansani zuwa Tsakuwawa, da wuya ka ga gonar gero ko dawa da ba a ratsa wake a cikinta ba, kuma harawarsa ce ke riƙe tumaki da awaki har rani ya fita. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wannan wake, Nijar na biye mata. To, mene ne a cikin gwangwanin nan da zai sa mai buhun wake a ɗaka ya zare kuɗi ya sayi wanda aka dafa a wata nahiya? Idan kuma an ƙuduri saye, yaya ake gane mai kyau a cikin gwangwanayen da ke jere a kanta, alhali dukansu hoton jan wake mai sheƙi ne a jikinsu?

Da farko a san cewa ba irin wakenmu ba ne. Namu ɗan Afirka ne, a nan kakanni suka hore shi tun dubban shekaru. Na gwangwani kuwa asalinsa nahiyar Amurka, ɗan'uwan jan waken nan ne mai siffar ƙoda da ake ci a Kamaru da gabashin Afirka. Ba shi da baƙin ido irin namu, fatarsa ta fi kauri, kuma ɗanɗanonsa salam yake, shi ya sa duk romon da aka ba shi yake ɗauka. Girkin kansa daga yankin Boston na Amurka ya shahara, inda ake barin waken ya kwana a tukunya a kan ƙaramar wuta tare da maɗin rake da naman alade mai gishiri. Dabarar adana dafaffen abinci a rufaffen mazubi kuma wani Bafaranshe, Nicolas Appert, ya bayyana ta a 1810, shi da kwalba ya yi, a shekarar ce kuma Peter Durand ya yi rajistar yin haka da gwangwani a Ingila. Kamfanin Heinz na birnin Pittsburgh ya haɗa girkin da dabarar a ƙarshen ƙarni na 19, ya kai waken kasuwar Ingila, Ingilishi suka karɓe shi hannu bibbiyu har ya zama abin karyawarsu da burodi. Masana'antar kamfanin da ke Kitt Green kusa da garin Wigan, wadda aka buɗe a 1959, na cikin manyan masana'antun abinci na Turai, amma waken da take dafawa daga arewacin nahiyar Amurka ake yi mata jigilarsa a busasshe.

Akwai wani zargi da nake yawan ji a bakin iyayenmu mata, cewa abin da zai shekara biyu a gwangwani bai lalace ba, lalle an cika shi da sinadari. A nan ya kamata a yi wa gwangwani adalci. Zafi ne ke adana shi, ba magani ba. Ana jiƙa waken, a zuba a gwangwani, a ɗura romo, a liƙe baki yadda iska ba za ta shiga ba, sannan a dafa shi yana rufe cikin tururi mai zafin da ya kai wajen digiri 120, wato ya zarce na tafasasshen ruwa nesa. Wannan zafin ke kashe ƙwayoyin cutar da ke ciki, rufin kuma ya hana wasu shiga. Muddin an dafa shi yadda ya kamata kuma gwangwanin bai hude ba, abin da ke ciki lafiya yake.

Yanzu ga gwajin gane mai kyau. Hanyar da ta fi gaskiya ita ce a ɓoye suna. A sayo iri uku ko huɗu, a sa wani ya juye kowanne a kofi daban ba tare da masu ɗanɗanawa sun ga gwangwanin ba, domin ido yakan riga harshe yanke hukunci idan ya ga sunan da ya sani. A Ingila mujallar masu sayayya ta Which? takan shirya irin wannan gwaji, kuma an sha ganin wake mai araha na manyan kantuna ya yi kunnen doki da mai tsada ko ma ya wuce shi. Darasin ya shafe mu: tsada ba shaida ba ce, araha ma ba laifi ba ce, sai an buɗe an gani.

Kafin a kai baki, a juye gwangwanin a matsami a kan kwano, a bar shi ya tsane na minti biyu. Nan take ake ganin bambanci. Mai kyau zai bar tulin wake a matsamin, ƙwayoyin girmansu ɗaya, kowace a tsaye da fatarta, romon ya manne musu, abin da ya ɗiga a kwano kaɗan ne kuma da kauri. Maras kyau kuwa, romon zai zube shaa kamar ruwan wanke tumatir, launinsa fayau, abin da ya rage a matsamin bai fi cikin tafin hannu ba, rabi a farfashe, fatu na yawo daban. Ka ɗauki ƙwaya ɗaya ka matse tsakanin yatsu biyu. Idan ta ɗan yi turjiya sannan ta narke sumul, dahuwa ta yi daidai. Idan ta fashe da gari-gari a tsakiya, ba ta nuna ba, ko kuwa tsohon wake aka dafa. Idan ta zama kunu tun ba ka matsa ba, ta wuce wuri, kuma a salak za ta dame da bama ta ɓata kallon farantin gaba ɗaya. A cikin waɗanda na buɗe, wannan gwajin na matsami shi ya fi tona asiri, fiye da ɗanɗano ma, don akwai gwangwanin da nauyinsa a hannu daidai yake da na kowa amma ruwa ka saya.

Sai romo. Abin da ake nema shi ne a ji tumatir a gaba, zaƙi da ɗan tsami su biyo baya. Da yawa daga masu araha sukari ne ke gaba, sai kauri na sitati mai santsi a harshe, wani ma da ɗan ƙarnin ƙarfe a ƙarshe. Takardar jikin gwangwani na faɗin wannan tun kafin a biya kuɗi, ga wanda ya tsaya ya karanta. Ƙa'ida ce a jera kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Gwangwanin Heinz na Ingila mai nauyin giram 415, alal misali, ya rubuta cewa kusan rabinsa wake ne, wajen kashi ɗaya cikin uku kuma tumatir. Wannan ma'auni ne mai kyau na auna sauran. Idan ka ga ruwa ya riga tumatir a jerin, ko sukari ya hau sama, ko kamfanin ya ƙi faɗin kashi nawa ne wake, ka san inda aka dosa.

Maganar sukari da gishiri ba ƙarama ba ce a garin da hawan jini da ciwon sukari suka zama ruwan dare. Rabin irin wancan gwangwani na ɗauke da sukari kimanin giram 10, wato ƙaramin cokali biyu da ɗoriya, da gishiri fiye da giram ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini. Wanda ya cinye gwangwani guda shi kaɗai ya ci kusan rabin rabonsa na ranar, tun bai taɓa miyar dare da magin da ke cikinta ba. Ga lafiyayyen matashi sau ɗaya a mako ba komai. Ga dattijon da likita ya hana gishiri, wanda ake zuba masa salak da sunan abinci mai sauƙi, akwai gyara. In dole ne, a tsane romon, a ɗauraye waken da ruwa mai tsabta kafin a zuba.

Akwai abu guda da ya fi duk waɗannan nauyi a wajen Musulmi. Na ambata cewa asalin girkin da naman alade ake yinsa. Na Ingila an daina sa masa tun ƙarancin nama na yaƙin duniya na biyu, amma yawancin na Amurka har gobe da shi ake yi, kuma kayan kanti ba daga ƙasa ɗaya suke shigowa ba. Duk gwangwanin da aka ga kalmar pork ko bacon ko ham a jikinsa, a ajiye shi. Wanda aka haɗa da tsiran nama na Turawa ma a guje shi sai in an ga tambarin halal. Mai shago da yawa bai san wannan ba, kwali ya saro a kasuwar Singa ya zo ya jera, saboda haka nauyin dubawa na kan mai saye.

Daga nan sai jikin gwangwanin. Wanda murfinsa ya kumbura, ko yake lotsawa yana dawowa idan an danna, ko ya yi tsatsa a bakin liƙi, ko ya lanƙwashe a kan ɗinkin, ba abin ɗanɗanawa ba ne ko da a bakin cokali. Akwai ƙwayar cuta da ke rayuwa inda babu iska, gubarta na shanye jijiyoyi har numfashi ya tsaya, kuma ba lalle ta canza wari ba. A duba ranar ƙarewar wa'adi, a tabbatar bugun inji ne ba wanda aka kankare aka sake ba, a duba lambar rajistar NAFDAC. A tuna kuma cewa kayan nan na iya shafe watanni a shagon kwano cikin zafin Afrilu na Jigawa, wanda kan haura digiri 40, kuma zafi na rage ingancin abin gwangwani tun wa'adi bai cika ba. In an buɗe, a juye saura a wani kwano mai murfi, kuma inda babu tsayayyar wutar firji a cinye a ranar. Salak ɗin biki da aka haɗa da hantsi, da bama da ƙwai da wake, ya zauna a rumfa har la'asar, shi ne ke kwantar da mutane washegari, a ɗora wa ruwan sha laifi.

To, a ce an dace da gwangwani mafi kyau. Yaya zai kasance idan aka ajiye shi kusa da na gona?

Ta fuskar kuɗi babu ma gasa. Rabin giram 415 shi ne dafaffen wake giram 200 da 'yan kai. Busasshen wake kuwa yakan ninka nauyinsa fiye da sau biyu idan ya sha ruwa ya dahu. Ke nan abin da ke cikin gwangwani bai kai giram 100 na busasshe ba, ɗan abin da za ka dumbuza da hannu biyu. Tiya ɗaya ta wake, mai kusan kilo biyu da rabi, za ta cika gwangwani fiye da ashirin. Mai karatu ya tambayi kuɗin tiya a kasuwar Gujungu ranar Lahadi, ya tambayi kuɗin gwangwani ɗaya a Dutse, ya yi lissafin da kansa. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 duk kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi, kuma ko a 2024 da wakenmu ya yi tsadar da ta sa masu ƙosai rage girma, tazarar ba ta rufe ba. Ta fuskar gina jiki ma namu ne a gaba, tunda babu ruwan romo a lissafin: giram 100 na abin gwangwani na ba da sinadarin gina jiki wajen giram 5, dafaffen wakenmu kuwa wajen giram 8.

Ta fuskar ɗanɗano kuwa, ra'ayina a fili yake. Waken gwangwani ɗanɗano ɗaya gare shi, aiki ɗaya ya iya, romonsa ne ke magana ba shi ba. Namu iri-iri ne, kowanne da gurbinsa, kuma matan Miga sun san wannan ilmin ba tare da takarda ba. Farin wake manya, mai saurin sakin fata idan an surfa, shi ake nema don ƙosai da alale, don ƙullinsa na tashi ya yi fari. Aloka ƙanana mai dabbare-dabbare yakan tsaya da ƙwayarsa a tukunya, ya dace da garau-garau. Jan wake na da ɗan zaƙinsa na halitta, shi ya sa 'yan kudu ke rububinsa, kuma fatensa da manja da albasa ba ya buƙatar ƙwayar sukari. Kanannado na jinkirin nuna, amma manomi na son sa don harawa da kuma girman ƙwaya. Ga ɗanwake, ga tubani, ga miyar wake a kan tuwo. Sabon waken kaka da aka dafa da 'yar kanwa kaɗan, aka zuba masa man gyaɗa da yajin ƙuli, yana da garɗin da babu gwangwanin da ya taɓa kusantarsa. Na ce kanwa kaɗan da gangan: idan ta yi yawa tana kashe wasu sinadaran bitamin da ke cikin waken, kuma jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan jiƙon, na rage lokacin dahuwa da kumburin ciki.

Amma da a ce maganar ta tsaya a nan, da babu mai sayen gwangwani. Yana da abubuwa biyu da namu ba shi da su, kuma rufe ido a kansu yaudarar kai ne.

Na farko lokaci da makamashi. Wake na cin wuta. Sai an tsince, an wanke, an ɗora, an jira awa guda ko fiye, ga itace da gawayi da gas duk sun yi tsada. Ɗalibar Jami'ar Tarayya ta Dutse da ke da ƙaramin risho da darasi ƙarfe takwas, ko ma'aikacin da iyalinsa ke wani gari, idan ya buɗe gwangwani ya ɗumama cikin minti biyar, ba ƙyuya ba ce, lissafi ne.

Na biyu shi ne ya fi damuna, wato amana. Mai buɗe gwangwani ya san ba zai tauna tsakuwa ba, ba zai ga ƙwaro ba, kuma an rubuta masa wanda ya yi, da ranar da aka yi, da abin da ke ciki. Mai sayen wake a kasuwarmu fa? Ka tsaya kusa da uwargida a layin 'yan hatsi a Shuwarin ranar Litinin ka ga yadda take yi. Za ta cusa hannu can cikin buhu, ba saman da aka gyara ba, ta ɗebo, ta baza a tafi tana neman huda da fararen ɗigon ƙwan ƙwaro a jikin ƙwaya. Ta kai hanci ta shinshina. Ta ciji ɗaya ta ji ko ta bushe ƙarau. Sannan ta tambaya: "Malam, tsakaninka da Allah, an sa masa magani?" Ya ce wallahi Hajiya ko ɗigo. Ba ta da hanyar tabbatarwa. Har ta kai ga wasu matan sun fi natsuwa da waken da suka ga ƙwaro ɗaya-biyu na yawo a ciki, don a ganinsu shaida ce cewa ba a zuba guba ba. Ƙasar da ta fi kowa noman wake, a ce ƙwaro ne takardar shaidar ingancinsa, wannan abin baƙin ciki ne.

Tushen matsalar sananne ne. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi. Yana saka ƙwai a jikin ƙwaya, tsutsar ta huda ta shiga ciki ta ci, cikin kusan wata guda ta fito da fiffike ta sake sakawa. Buhun da aka bari haka daga kaka, kafin bazara ya zama gari da huda. Shi kuwa ɗan kasuwa ribarsa na cikin ajiya: ya saya da araha lokacin roro, ya riƙe har farashi ya tashi da damina. Sai ya nemi abin da ya fi sauƙi da araha, ya yayyafa fiya-fiya ko wani maganin feshin gona kai tsaye a kan abin da mutane za su ci. Ko ƙwayar hayaƙin nan da ake kira bom, wadda aka yi don rufaffen sito da hannun wanda ya san aikinta, sai a jefa ta tsirara cikin buhu a ajiye a ɗakin da yara ke kwana.

Duniya ta gani kafin mu farga. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an yi ta samun sinadarin kashe ƙwari na dichlorvos a cikinsa. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, amma an samu wanda ya kai 4.6, wato ninki ɗaruruwa. Aka ce na shekara ɗaya ne, sai aka yi ta tsawaitawa. A ƙarshen 2018 hoton bidiyon wasu 'yan kasuwa na zuba maganin ƙwari na Sniper a wake ya karaɗe wayoyi, hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta yi gargaɗi, a 2019 kuma NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben maganin. Abin lura shi ne, waken da Turai ta mayar ba zubar da irinsa aka yi ba. Mu muka ci, mu muke ci.

Abin takaicin shi ne maganin matsalar na nan, ba shi da tsada, kuma a Kano ake yinsa. Buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka ƙarƙashin Larry Murdock suka faro bincikensa a arewacin Kamaru, aka kuma yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007, leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. A busar da wake sosai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu, babu ɗigon magani. Sharaɗinsa kada leda ta hude, a nisanta shi da ɓera, kuma kada a riƙa buɗewa ana ɗiba. Jarka ko duro mai murfin da ke rufuwa gam ma wannan aikin yake yi, kuma gidaje da yawa a ƙauyukanmu sun daɗe da gane haka. A ɓangaren gona kuma, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin SAMPEA 20-T a 2019 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, wanda ke jure tsutsar da ke cin fure da ƙowa, ya rage yawan feshi daga sau shida ko takwas zuwa biyu. Ana muhawara a kansa saboda iri ne da aka sauya wa halitta, kuma muhawarar na da wurinta. Amma ko mai goyon bayansa ya sani cewa ƙwaron sito ba ruwansa da wannan. Ajiya aiki ne daban.

Wasu za su ce a gina masana'anta kawai mu ma mu riƙa zuba namu a gwangwani. Abu ne mai yiwuwa. Irin wakenmu mai baƙin ido, wanda ya tsallaka teku a zamanin cinikin bayi, yau a gwangwani ake sayar da shi a kudancin Amurka, har suna da al'adar cin sa ranar sabuwar shekara. Ga tumatir a fadamun kogin Haɗejiya. Sai dai masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa, wadda aka buɗe a 2016 ta kuma yi ta tsayawa saboda rashin isasshen kaya a kan farashin da zai riƙe ta, ta nuna cewa kafa inji ya fi ciyar da shi sauƙi. Ga tsadar gwangwanin kansa, ga wuta. Ni a ganina wannan ba shi ne matakin farko ba. Matakin farko ya fi haka kusa da hannu: wake tsintacce, iri ɗaya ba gauraye ba, wanda aka adana ba magani, a ɗaure a ledar kilo ɗaya ko biyu, a rubuta irinsa da garin da aka noma shi da watan da aka rore shi da sunan ƙungiyar da ta ɗaure. Haka garin wake na ƙosai da alale da ɗanwake, wanda zai rage wa mai sauri rabin wahala. Ƙungiyar mata a Koya ko Garko za ta iya wannan idan ta samu buhunan ajiya da injin liƙe leda da mai nuna mata hanyar rajista. Aikin malaman gona na JARDA ke nan, da sashen noma na jami'ar Dutse wajen gwada samfuri, da sarakunan kasuwa a Gujungu da Shuwarin da Maigatari, waɗanda idan suka ce ba a sauke buhu mai warin magani a kasuwarsu, maganarsu ta fi ta kowace takardar gwamnati saurin aiki.

Hukuncina shi ne wannan. Wanda zai sayi gwangwani don salak ko don ranar sauri, ya sayi wanda ya faɗi yawan wakensa a fili kuma ya kai rabi, tumatir na biye, babu alade, jikinsa lafiya, da lambar NAFDAC, ko da sunansa ba sananne ba ne. Amma abincin gida na yau da gobe, na Miga ya fi shi daɗi, ya fi shi ƙosarwa, ya fi shi araha nesa ba kusa ba. Abin da ya rage masa tsabtar ajiya ce. Manomi da ɗan kasuwa, ku dubi Allah ku daina zuba guba a abin da 'ya'yanku ma za su ci. Uwargida kuma, idan kaka ta yi ki sayi na shekara tun yana sabo daga hannun wanda kika sani, ki busar, ki rufe a jarka ko buhu mai leda biyu.